Kilomita Dubun Alhaji Tasi'u

A wani gari can arewa, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓi hanya, akwai wani bakanike da ake kira Mati. Shekararsa talatin da ɗoriya a ƙarƙashin mota, har ta kai ko ranar Idi in ya miƙo maka hannu sai ka ga baƙin mai a gindin farcensa. Ba ya taɓa ƙananan motoci. Aikinsa jif-jif ɗin nan masu shiga daji, masu kai riɗi da mutane kasuwannin ƙauye. Rumfarsa tana bakin filin bakanikai, daidai kan hanya ɗaya tilo da ke fita daga garin, kuma in mota ta gifta ba sai ya ɗaga kai ba, da kunne zai gaya maka ciwonta da wanda ya jawo mata shi, wanda galibi mai ita ne.

Mati yana da aboki tun na ƙuruciya, Tasi'u mai riɗi. Tare suka yi makarantar allo, tare suka sha bulalar malam ɗaya. Shekara arba'in Mati yana kiransa Tasi'u yana amsawa, sai bana Allah Ya nufe shi da sauke farali. Ya dawo da haƙoran Makka guda biyu, kuma tun daga ranar dariyarsa ta ƙaru, ko ba a faɗi abin dariya ba. In ka ce Tasi'u sai ya waiwaya bayansa yana neman wanda ake kira. Ya kuma samo sabuwar rantsuwa. Kome ƙanƙantar magana, ko da musun nauyin buhu ne, sai ya nuna gabas da yatsa ya ce ya rantse da tafiyar da ya yi. Mati ya koyi ce masa Alhaji kamar kowa, sai dai nasa Alhajin yakan fito a hankali, kamar mai tauna tsakuwa a cikin wake.

A bayan garin akwai wani tulin yashi mai tsawo, ana ce masa Tudun Kunya. Kowace shekara in an gama kaka, akan sa wata Juma'a, masu jif su taru bayan la'asar su gwada hawansa. Ba a ba kowa ko goro. Amma wanda ya hau, shekara guda zai yi in ya buɗe baki a majalisa ana saurarensa. Wanda ya kasa kuwa babu wurin juyawa, da baya-baya zai sauko gari na kallo, daga nan tudun ya samo sunansa. Shekara uku a jere jif ɗin Tasi'u tana saukowa da baya. Shekara ukun nan kuma Sabitu mai awaki, maƙwabcinsa a kasuwa, shi ke hayewa, ya fito daga mota a can ƙoli, ya kare goshinsa da tafin hannu yana leƙen ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

To bana sai Tasi'u ya ce ba zai yiwu Alhaji guda ya sauko da baya ba.

Ya kawo wa Mati motar, ya ce shi ba gyara yake so ba, so yake a saka mata aljani. Mati ya sauke injin gaba ɗaya, ya warware shi har ƙusa ta ƙarshe a kan tabarma. Aka kai bulok ɗin, wato gangar jikin injin, birni aka faɗaɗa ramukansa, aka sayo manyan fistin da sababbin ring, aka canza kafireta da wadda ta fi ta baki. Sati shida ya yi a kansa. Kowane ƙarfe sai ya wanke shi da fetur, ya goge, ya shafa masa mai da yatsa kafin ya zaunar da shi. Matarsa Laure ta ce da ita ma za ta samu irin wannan kulawar, da tuni ta koma yarinya. Shi kuwa Alhaji, a nasa ɓangaren, ya sayo sababbin tayoyi huɗu masu manyan haƙora, ya sa aka rubuta wa motar "Sai Ƙoli" a gilashin baya.

Ranar tayar da injin ta faɗo Lahadi da hantsi. Alhaji ya iso da babbar riga, ya kama ƙofa zai shiga ya murza makulli, Mati ya riƙe masa hannu ya ce ba haka ake yi ba. Ya cire fulogai duka, ya yi ta juya injin da sitata ba tare da ya tashi ba, har sai da mai ya zaga ko'ina fitilar mai ta mutu. Sannan ya mayar da su, ya cika lagireto, ya leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, ya leƙa kuma. Ya yi bisimilla a hankali, ya murza.

Injin ya yi tari sau biyu, ya kama. Ƙarar da ta fito daga salansar nan sai da ta tayar da tantabarun da ke kan rumfa. Mati bai bar shi ya yi silo ba, bai kuma ƙure shi ba. Ya riƙe totur a tsaka-tsaki, yana ɗan ƙarawa yana ɗan ragewa, idonsa a kan allurar zafi, kunnensa a cikin injin, minti ashirin cur. Alhaji yana ta zagaya motar haƙoransa a waje, yana cewa a taka ta, a taka ta Sabitu ya jiyo daga kasuwa. Mati ya yi kamar da bango ake. Da lokaci ya cika ya kashe, ya kwance man da zafinsa a cikin tasa, ya kira Alhaji ya nuna masa. A saman man akwai wani ɗan gari mai ƙyalli, kamar an barbaɗa kwalli. Ya ce wannan ƙarfe ne yake cin ƙarfe, kowa yana neman mazauninsa, kuma ba su gama ba.

Ya zuba sabon mai, sannan ya zaunar da Alhaji a kan benci ya yi masa bayani yadda ake wa mijin mai haihuwar fari. Ya ce sabon inji mai jego ne. Jiki ɗanye ne, ba a ba shi aikin ƙarfi, ba kuma a barinsa kwance. Sai motar ta yi kilomita dubu tana tafiya a hankali, ta hau, ta gangara, ta ja ɗan kaya, a canza giya, a ƙara wuta a rage. Kar a ƙure totur ko sau ɗaya. In ta cika dubun a dawo da ita ya sake juye mai ya ɗaure abin da ya saki. Bayan nan in Alhaji ya ga dama ya hau bango da ita. Mati ya ɗauki gawayi, ya leƙa agogon motar mai ƙirga kilomita, ya rubuta lambar da ke kai a jikin bangon rumfa.

Alhaji ya ƙirga da yatsu ya ce ai hawan tudu Juma'ar nan ce.

"To bana sai ka yi kallo, Alhaji. Tudun ba inda za shi."

"Kallo? In tsaya cikin 'yan kallo da inji irin wannan? Kai Mati, matsalarka ba ka taɓa fita ka ga duniya ba. Can inda muka je, abin da ake yi a wata guda a nan, kafin ka sha ruwa an gama shi."

Mati ya ce shi dai ya faɗa. Alhaji ya ja motarsa ya tafi, a hankali kuwa, kamar mai ɗauke da ƙwai, har Mati ya ji daɗi.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Mati yana aiki kunnensa na kan hanya, don ko cikin motoci ɗari zai gane muryar injin da ya haɗa da hannunsa. Bai ji ta fita ba, bai ji ta shigo ba. Ya ce a ransa Alhamdulillahi, mutumin ya haƙura, ashe tafiyar ta yi masa amfani. Abin da kawai yake jiyowa shi ne wani gunji daga can unguwar su Alhaji, murya ɗaya ba hawa ba sauka, tun safe har yamma. Ya ɗauka wani ne ya kafa sabon injin niƙa. Laure ma da ta dawo daga barka a unguwar ta ce mata sun yi ta yawo da ƙwaryar gero suna neman inda injin yake, sun bi ƙarar har ƙofar gidan Alhaji, suka tarar da get a garƙame.

Ranar Juma'a bayan la'asar gari ya fita bayan gari. Mati ma ya je, ya tsaya a gefe da carbinsa. Can sai ga Sai Ƙoli ta ɓullo tana ƙyalli, Alhaji a ciki da rawanin da ya zo da shi daga Makka. Mati ya kutsa cikin mutane ya kama ƙofar motar, amma kafin ya yi magana Alhaji ya buga agogon da yatsa ya ce ya duba da idonsa, dubu ta cika har da bakwai a kai. Mati ya duba, haka ne kuwa. Ya ce to man fa, ba a juye ba. Alhaji ya ce man da ya yi kwana biyar kacal, me ya ci da za a zubar da shi. Aka yi masa hannu lokacinsa ya yi, ya fizgi mota.

A gaskiya ta yi abin kallo. Ta ɗebi yashi ta watsa wa na baya, ta wuce inda ta saba tsayawa, ta wuce kututturen da ke tsakiyar tudun, har Sabitu mai awaki ya daina murmushi. Saura kamar tsawon igiyar guga ta kai ƙoli, sai Mati ya ji abin da ba wanda ya ji tukuna, wani ɗan ƙwas-ƙwas a cikin ƙarar. Ya runtse ido. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bayanta, ta yi wata irin shaƙuwa, ta yi tsit. Sannan ta fara saukowa da baya, a hankali, ba ko inji, rubutun nan na gilashin baya yana gaba kowa na karantawa. Abin da ya fi ciwo, motar Sabitu ce ta jawo ta zuwa gari da igiya, shi da kansa yana tuƙi, yana danna ham a kowace kwana.

Kafin a watse Alhaji ya tsaya a gaban jama'a ya ce Mati ne ya cuce shi. Ya ce tsofaffin ƙarafa ya wanke ya mayar masa, sababbin kuma Allah kaɗai Ya san inda suka shiga. Ya ce shi ya cika duk sharaɗin da aka gindaya masa, ga agogo nan shaida. Washegari da safe ya kai ƙara wajen Ciyaman Ɗahiru, shugaban ƙungiyar bakanikan garin.

Ƙungiyar tana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Bakaniken da aka tabbatar ya musanya wa mutum kaya, ranar zai kwashe sifanunsa ya bar filin, kuma ba wanda zai ƙara ba shi ko gindin bishiya. Mati ya san dokar, don da shi aka kafa ta. Da zai fita daga gida Laure ta ga bai taɓa kokonsa ba. Ta ce masa ya je, wanda bai ci amana ba Allah ba Ya barinsa. Ya ce haka ne, amma shi abin da ya hana shi sukuni lambar agogon nan ce, don ya gan ta da idonsa.

Aka zauna a ƙarƙashin dalbejiyar tsakiyar fili, motar tana gefe da igiyar Sabitu har yanzu a hancinta. Bakanikai sun ajiye aiki sun kewaye. Alhaji ya yi jawabi mai tsawo, rabinsa a kan motar, rabinsa a kan yadda ake mutunta alƙawari a ƙasa mai tsarki. Ciyaman ya tashi da kansa, ya karanta lambar da ke bangon rumfar Mati, ya leƙa agogon motar, ya yi lissafi a tafin hannunsa. Dubu da 'yan kai. Ya dawo ya zauna bai kalli Mati ba, ya ce da murya ƙasa-ƙasa abin da nauyi, amma agogo ba ya son kai.

Mati ya nemi izini ya yi tambaya. Ya ce a cikin kwana huɗun nan wace hanya Alhaji ya bi. Alhaji ya ce wannan ba ruwan kowa. Ya ce to a wane gari ya kwana, wa ya gan shi, a ina ya sha mai. Alhaji ya ce shi ba a gaban alƙali yake ba.

Mati ya tashi ya je wajen motar ya tsuguna a gindin tayar baya. Sabuwar taya tana zuwa da wasu 'yan siraran gashin roba a jikinta, waɗanda ko zuwa kasuwar ƙauye ɗaya aka yi a kan tsakuwa sun kakkaɓe. Ya shafa. Suna nan tsaye reras, kamar gemun saurayi. Ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, ya shafo ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, ya fito da farin garin siminti a yatsunsa. Ya zaga sauran kusurwa ukun, duk haka. Ya zo ya buɗe wa Ciyaman tafin hannunsa, ya kuma roƙe shi ya je ya taɓa tayar.

Ciyaman ya je ya taɓa, ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce, "Alhaji, Allah Ya ba ka haƙuri. Motar nan a sama ta yi tafiyar?"

Mati ya zaci mutumin zai ji kunya. Ina. Alhaji ya gyara zama, haƙoran suka fito, don dama abin yana cinsa ya samu wanda zai gaya wa. Ya ce tunda sun gano, bari ya koya musu abin da shekara talatin ba ta koya musu ba. Ya ce shi ya zauna ya yi tunani, ya ga tafiya ba komai ba ce illa juyawar taya, sauran duk ƙura ce da wahala da 'yan sanda. Sai ya sa aka ɗaga motar a tsakar gidansa, aka jera mata bulo a kusurwa huɗu, tayoyinta na lilo. Ya tayar da ita, ya sa giya ta sama, ya karɓo taɓaryar gidan ya tokare totur da ita a jikin kujera. Shi kuma ya sa aka shimfiɗa masa darduma a inuwa, da butar shayi, aikinsa kawai ya ƙara fetur ya leƙa agogo.

Wani daga baya ya ce ashe injin niƙan ke nan. Aka fara tari a cikin taron.

Alhaji bai kula ba. Ya ce shi fa har garuruwa yake ƙirgawa. In agogo ya kai kaza ya ce wa iyalinsa yanzu sun shiga Kano, in ya ƙara ya ce ga su a Zariya. Ranar Laraba da azahar suka isa Abuja, bai tsaya ba don ba ya son cunkoso, ya juyo. Ko faci ɗaya bai yi ba, ko kaza bai taka ba. Ya ce a nuna masa direban da ya taɓa yin irin wannan tafiyar lafiya lau haka.

Mati ya bari ya gama. Sannan ya yi wa Ciyaman bayanin da duk wanda ke wurin ya riga ya sani, don dai a ji shi a fili. Ring ba ya zama a raminsa sai injin ya ji nauyi, sai ya ja mota ta ja shi. Wanda aka bari yana juya iska da murya ɗaya kwana huɗu, ramin sulɓi yake yi kamar cikin kwalba, mai ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa. Ga shi motar a tsaye, ba iskar hanya da ke bugun lagireto, ta yi ta dahuwa a tsakar gida. Ga garin ƙarfen nan da ba a juye ba yana ta zagayawa. A haka aka ɗauke ta aka ce ta hau Tudun Kunya. Ya ce shi mamakinsa ma da ta kai inda ta kai.

Ciyaman ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa ya ninke takardar ƙarar ya cusa a aljihu, ya ce Mati ya koma rumfarsa, akwai motoci na jiransa.

Nan Alhaji ya miƙe tsaye, babbar riga na ɗaukar iska. Ya ce wannan zalunci ne da haɗin baki. Ya ce taya ta juya ko ba ta juya ba? Agogo ya ƙirga ko bai ƙirga ba? Ya juya ya nuna gabas da yatsa, muryarsa har bakin hanya.

"Na rantse da tafiyar da na yi, motar nan ta je kilomita dubu ta dawo!"

Mati yana goge simintin hannunsa da tsumma. Ya ɗago ya kalli abokin nasa, ya kalli haƙoran, ya kalli rawanin.

"To, Alhaji," ya ce. "Allah dai Ya sa ba haka ka je Makkan ba."